Kiran Wa Toka Ya Amsa?

Jikata ta kawo kare gidan nan na Kabong a cikin kwali, an shimfiɗa masa tawul kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti. Ina zaune a baranda ina tsince acca, na ɗaga kai na dube su. Yana da kwanonsa, yana da sabulunsa, yana da ranar da ake sa shi a mota a kai shi Vom a yi masa allura. Ni da na haihu a ɗakin ciyawa, ban taɓa shiga mota don allura ba sai da gwiwa ta kwantar da ni. Suna kuma aka sa masa Firins, wai ɗan sarki. Kowace yamma yarinyar za ta tsaya a tsakar gida, waya a hannun hagu tana kallon wani Bature yana koyar da karensa, biskit a hannun dama, tana ta ƙwala masa kira da Turanci. Shi kuwa ɗan sarki yana can bayan tanki yana taunar takalmin ubanta.

"Kaka, me ya sa ba ya jin magana ne?"

"Don maganarki ta yi yawa," na ce. "Tun da kika dawo kike kiransa. Yanzu sunan nan da kukan kaza duk ɗaya ne a kunnensa."

"To ke kin iya ne?"

Na ci gaba da tsintar accata. Amma tambayar ta tono mini abin da na daɗe da binnewa, har hannuna ya riƙa zubar da tsabar yana ajiye tsakuwa.

Inda aka haife ni yanzu gari ya cinye shi. An fasa duwatsun an yi gini da su, an sare shingen kyarana da ke zagaye kowane gida an sa bulo da fasassun kwalabe. A lokacinmu, kafin ka buɗe ido kunnenka ya riga ya san gari ya waye: dutsen niƙa yana gurnani a ɗakin mama, jiniyar masu haƙar kuza tana kuka daga nesa, mata suna wucewa da kwanoni a ka suna tari saboda sanyi. Sanyin ma ba irin na yanzu ba ne, wanda yara ke sa rigar sanyi don ado. Wancan yana fasa dunduniya. Mu biyu muka rayu a ɗakin mamarmu, ni da ƙanwata, wadda kowa ke kira Auta. Da malamin mishan ya zo neman yara, baba ya ce ɗaya za ta tafi, ɗaya ta zauna ta taimaki uwarta. A gabana ya faɗa: "Babbar tana da ƙarfi, ƙaramar tana da kai." Aka ɗinka wa Auta riga shuɗiya, ni aka ƙara mini girman tulu. Ban yi kuka ba. Ba a san ni da kuka ba, har yau.

A daminar shekarar nan ne baba ya dawo daga gidan abokinsa da ɗan kwikwiyo a cikin jakar fata. Daren farko ya rarrafa ya kwanta cikin tokar murhu, da safe muka same shi fari fat yana atishawa, sai sunan ya bi shi: Toka. Baba ya tara mu ya kafa sharaɗi. Karen da muka yi kafin wannan ya kashe akuyar maƙwabta don an kira shi ya ƙi juyowa, maganar ta kai har gaban dattawa, baba ya sha kunya. Saboda haka ya ce za a ba wannan lokaci zuwa bayan girbin acca. In an kira shi ya zo, ya zauna. In bai zo ba, masu sayen karnuka suna nan. A ƙasarmu cin naman kare ba abin ɓoyewa ba ne. Suna zuwa da keke da kejin waya a baya, da doguwar sanda mai bakin ƙarfe, su karɓi kare su bar maka tasa ko gishiri. Tun suna hayin rafi karnukan gari ke gane warinsu su kama haushi.

Na ce a raina, Auta ta sami allo, wannan kuwa nawa ne.

Kakarmu, uwar baba, ita ta koya mini. Tsohuwa ce mai shan lofe, ba ta maimaita magana. Maza da fito suke kiran karnukansu, mace kuwa ba ta fito, in ta yi sai a buge mata baki, don haka kaka ta ce muryata ce kaɗai abin da nake da shi, in riƙe ta da daraja. Ta sa na tauna ƙuli-ƙuli na tofa a tafin hannu na ba shi, don ya san yawuna kafin ya san na kowa. Ta ce da farko kada in kira shi sai na ga ya riga ya nufo ni da kansa, sannan in faɗi sunan, har ya ɗauka cewa sunan ne ke kawo shi. Ta ce sau ɗaya ake kira. Ta ce kada in kira shi hannuna ba komai, kuma kada in taɓa kiransa don in doke shi.

"In ya yi ɓarna fa, Kaka?"

"Ƙafarki ta karye ne? Ki tashi ki je inda yake. Amma ranar da ya zo da ƙafarsa kika mare shi, kin gama da shi."

"In na kira bai zo ba fa?"

"To ke ce ba ki duba ba kafin ki buɗe baki. Wanda bai tabbata ba, ya yi shiru."

Haka na yi. Na murza doguwar igiya ta rama a cinyata har fatar ta saɓule. In za ni rafi, Toka na gaba, igiya na ja a ƙasa, ƙuli-ƙuli na cikin kumatuna. In ya shagala da ƙadangare sai in jira ya gaji, ya ɗago kai, in ce "Toka!" in ɗan ja igiyar. Daga baya na daina ja. Daga baya na cire igiyar gaba ɗaya, in ɓuya bayan dutse in kira, in ji ƙarar farcensa a kan falalen dutse yana nemana. Naman da ake sa mini a miya ranar Lahadi, a bakin zane nake ƙulle shi. Ni ke cire masa kaska, ni ke kwashe kashinsa kafin baba ya taka, ni na sha zagi ranar da ya fasa tukunyar kunu. Ban taɓa yi masa wasa ba, don ba wasa ya kawo mu ba. Ransa nake nema masa.

Auta kuwa babu dokar da ba ta karya ba. Tana dawowa daga makaranta za ta jefar da allo ta zube a ƙasa: "Toka-Toka! Tokana! Mummuna! Mai kunnen jaki!" Ta kira shi ba dalili, ta kira shi tana dariya, ta kira shi yana kwance a kan ƙafarta. Ko ɓawon gyaɗa ba ta taɓa ba shi ba. Sai dai ta sosa masa bayan kunne, ta rera masa waƙoƙin makaranta, ta ja shi kan tabarmarmu in mama ba ta gani. Na kai ƙara wurin kaka cewa tana lalata mini aiki. Kaka ta zuƙi lofenta ta ce, "Ke yi naki." Na ja Auta gefe na ce ta daina ambaton sunansa.

"Yaya, sunan ma naki ne? A kasuwa kika saye shi?"

"Ni nake ciyar da shi."

"To ci gaba mana. Ni ai ban hana ki ba."

Abin da ke ci mini rai shi ne wutsiyarsa. In na kira shi yana zuwa a guje, ya zauna a gabana ya kafa wa hannuna ido, kamar lebura a gaban mai biyan kuza. In ita ce, tun daga ƙugu yake kaɗawa, har ya rasa inda zai sa ƙafa. Ina ganin wannan duka. Ni mai gani ce tun ina yarinya, kuma ganin bai taɓa sa ni farin ciki ba.

Aka girbe acca, aka sussuke, ciyawa ta bushe. Lokacin farautar gari ya zo, ranar da maza ke cinna wa daji wuta su bi da karnuka da kulake. Ranar nan duk karen da bai gama hankali ba ɗaure shi ake yi, don ƙahon farauta yana shiga kan kare fiye da yadda burkutu ke shiga kan mutum. Na ɗaure Toka a gindin rumbu tun da safe. Rana ta take tsaka sai ga mai sayen karnuka ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu. Baba, da ciwon ƙafa ya hana shi fita farautar, ya sa aka kawo wa baƙon kunu, suka zauna a kan dutse suna hira. Can sai muka ji ƙaho ya biyo ta bayan dutsenmu, da ihun maza, da haushin karnuka, hayaƙi ya turnuƙe sama. Toka ya miƙe yana rawar jiki yana kuka. Baba ya dube ni.

"Kwance shi."

"Baba, yau?"

"Yau ake bukatar ya ji kira. Ranar da ba komai, ko akuya ma tana zuwa."

Na kwance. Ya fita kamar an harba kibiya, ya tsallake kyarana, ya kama hawan dutse. Mai sayen karnuka ya ajiye ƙwaryar kunu ya jawo sandarsa kusa. Mama ta fito ta tsaya da muciya a hannu. Baba ya ce, "To, kira shi mana." Ban kira ba. Na san in na kira yana cikin gudun nan, iska ce za ta amsa. Na jira, ƙuli-ƙuli ya jiƙe a tafin hannuna. Ya kai ƙololuwar dutsen, inda daga can sai gangara zuwa wurin maharba, ya ɗan tsaya don ya ga ta inda zai sauka. A nan na tattara duk abin da ke ƙirjina.

"Toka!"

Sau ɗaya. Ya daskare, ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi wajen hayaƙi, ya waiwayo ya dubi gida. Har gobe ina ganinsa a tsaye a wurin, sararin sama a bayansa. Sai ya juyo. Ya fara saukowa, da farko kamar ba ya so, sannan ya saki jiki a guje, kunnuwa a kwance, ya nufo ni sak. Na durƙusa na buɗe hannu. A rayuwata ban taɓa jin na yi tsawo kamar lokacin nan da nake durƙushe ba.

Hanyar makaranta ta gefen gidanmu ta biyo. Auta ta ɓullo da allonta a hammata, ba ta san da sharaɗin yau ba, ba ta ma lura da keken ba. Ta hango kare yana gudu, ta ɗaga murya kamar kullum: "Toka-Tokana! Mummuna!"

Iskarsa na ji a ƙaurina. Wutsiyarsa ta bugi zanena. Ya wuce ni, ya wuce hannuna da abin da ke ciki, ya je ya faɗa mata a ƙirji suka zube tare, rigar makaranta ta yi buɗu-buɗu, tana ƙyalƙyala dariya yana lasar fuskarta.

Baba ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce wa baƙon, "Sai wata rana, aboki. Kare ya zo." Sannan ya juya wajen mama: "Kin gani? Ashe boko har kare yana jin sa. Wannan ai karen Auta ne." Mutumin ya hau kekensa ya tafi. Ni ina durƙushe har yanzu, hannu a buɗe, sai kaza ce ta zo ta tsattsage ƙuli-ƙulin. Kaka kaɗai ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Na gani. Ke kika juyo da shi daga dutse. Inda ya je ya faɗi kuma, wannan shi ya zaɓa. Tashi ki wanke hannu."

Toka ya rayu har haƙoransa suka zube. Da Auta ta tafi makarantar kwana, ni ya rage wa. Ban taɓa kiransa ya ƙi zuwa ba, ko sau ɗaya. Amma in ya gama cin abin hannuna, sai ya je ya kwanta a ƙofar gida, hancinsa na kallon hanya. Ita ta zama malamar asibiti, ta yi gida mai bene, 'ya'yanta suna ƙasashen waje suna aiko mata da maganin gwiwa. Ni na yi shekaruna a Farin Gada, ina jayayya da masu lodin mota a kan kwandon tumatir da buhun kabeji, muryata ta zama irin wadda in na kira yaro daga wannan bakin kasuwa sai ya ajiye abin da ke hannunsa a wancan bakin. Ban roƙi kowa ba, na aurar da nawa, na gina ɗakina. Ban ce Allah bai yi mini ba. Amma duk Kirsimeti in an taru, sai Auta ta gyara tabarau ta ba yara labarin ranar da ta ceci kare daga tukunya da kira ɗaya. Sau ɗaya na gyara mata. Ta dube ni tana murmushi ta ce, "Haba Yaya, har yanzu? Kare ne fa." Ita tana iya cewa kare ne. Ba ita ta murza igiya ba.

To ga ni yanzu a Kabong, gida ya zama fayau da rana. Ɗana da matarsa suna wurin aiki, jikata tana jami'a, daga ni sai ɗan sarki. Wata safiya na kwance igiyar shanya, na aika aka sayo mini ƙuli-ƙuli, na tauna da 'yan turamen haƙoran da suka rage mini. Ban yi niyyar sa masa wani suna ba. Amma ran nan ya taho wajena da kansa, kunnuwa a kwance, na buɗe baki, wancan sunan ne ya fito. Na bar shi a haka. Ba na faɗarsa sai gida ba kowa. Kafin damina ta ɗauke, ko yana bayan tanki, ko yana haushin masu tallan ruwa a bakin get, in na faɗa sau ɗaya sai ga shi a gabana. Jikata tana mamakin yadda yake bina ɗaki da baranda. Na ce mata warin daddawa ne.

Lahadin da ta wuce aka ce Auta za ta biyo bayan an tashi daga coci. Na ɗaura babban zanena mai jan ƙasa, na zauna a kujerata, na sa karen ya kwanta a gefena. Direba ya buɗe mata ƙofa, ta fito da sandarta da ƙamshin turarenta, ta tsufa ita ma, sai dai muryar tana nan yadda take, kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa.

"Yaya, ina wuni? Ya gwiwa?"

"Tana nan inda kika bar ta. Ke kin ƙara ƙiba."

"Ke kuma kin ƙara faɗa. A'a, kare kuka yi?"

Jikata ta kawo mata kujera da ruwa, tana rawar kai. "Mama Auta, ba ki ga abin mamaki ba. Ba ya jin kowa sai Kaka. Kaka, don Allah ki bari ya je can bakin get, ke ki kira, Mama Auta ma ta kira, mu ga wurin wa zai je."

"Ni ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Je ki duba shinkafarki."

Auta ta sunkuyo tana leƙensa ta saman tabarau. "Kai, Yaya, dubi goshinsa. Dubi kunnen nan. Wallahi sak Toka."

Kunnuwansa suka miƙe. Ya ɗago kai ya dube ta, wutsiyar ta fara share ƙasa, tun daga ƙugu. Ya yunƙura zai tashi, ya kai rabi, ya tsaya.

"Ikon Allah! Kamar ya san sunan."

"Ƙuda ne ya dame shi."

Ta miƙo hannu, ba komai a cikinsa, kamar dai da. "Zo mana, mummuna. Zo in gan ka."

Ya sake yunƙurawa, ya yi ɗan kuka, ya koma ya kwanta. Auta ta yi dariya ta ce lallai wannan ya san uwar gidansa, ta juya ta fara ba jikata labarin ranar farauta, da keke, da yadda ta kira sau ɗaya. Na bar ta ta kai ƙarshe, ban gyara ko kalma ba. Guntuwar igiyar da na ɗaura masa tana ƙarƙashin zanena, dunduniyata a kanta. Aka ci shinkafa, aka yi addu'a, aka yi sallama, ban tashi rakiya ba, na ce gwiwa. Ƙafar ta mutu tun kafin a kawo abinci, amma ban ɗaga ta ba sai da na ji motar ta sha kwana.

Ina ɗagawa ya tafi bakin get yana jan igiyarsa, ya shinshina inda ta taka, ya tsaya yana kallon hanya. Sunan yana bakina, ƙuli-ƙuli yana kumatuna. Na yi shiru. Na jira har ya gaji don kansa, ya juyo, ya fara takowa wajen baranda.

Sannan na kira shi.